Tambaya da Amsa: Ɗaukar Fim ɗin Bikin Titi, daga Jamestown zuwa Zango

Tun da watan Agusta ya wuce wasiƙu ke shigo mana a kan abu guda, wato yadda ake haɗa fim ɗin gaskiya, wanda 'yan sana'a ke kira dokumantari, a kan manyan bukukuwan fasaha da ake kafawa na 'yan kwanaki a watse. Mun miƙa su ga mutum uku da ke cin abinci da wannan aiki a Accra: mai ɗaukar hoto, mai ɗaukar sauti da mai tace fim. Amsoshin nasu ne. Wasiƙun mun taƙaita su.

Assalamu alaikum. Kwana uku na yi ina bin bikin Chale Wote da kyamara, na dawo da hoton awa tara: masu zanen bango, masu rawa, 'yan dambe, masu shafe jiki da fenti. Na haɗa minti arba'in na kunna wa abokaina a majalisa, kafin minti biyar kowa ya koma kan wayarsa. Ina na kuskure? (Wani matashi, Nima)

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kallo ka ɗauko, kallon nan kuwa abokanka sun riga sun gan shi a wayoyinsu tun ranar da aka yi shi. Mutum ba ya zama minti arba'in sai in akwai wani da ya damu ya ga yadda za ta ƙare masa. A cikin awa taranka akwai fuska dubu, babu ko ɗaya da muka san sunan mai ita ko abin da ya hana shi barci.

Chale Wote bikin fasahar titi ne, an fara shi a 2011 a Jamestown, unguwar bakin teku a Accra. Sunan da harshen Ga ne, ma'anarsa "aboki, mu tafi", kuma haka ake kiran silifas. Tun kafin a zo da fenti akwai masunta a unguwar, akwai gidajen koyon dambe na Bukom, akwai matan da ke ƙyafa kifi, kuma bayan an kwashe lasifika suna nan inda suke. A 2023 ma bikin ya koma unguwar Osu. To, mai abincin da ta saba yin cinikin wata guda a kwana biyu fa, yaya ta yi? Irin wannan tambaya ita ke riƙe fim.

Ka zaɓi mutum uku, kada ka wuce haka. Na farko mai aikin fasahar, a ce mai zanen da aka ba bango. Na biyu ɗan unguwa, wanda biki ya same shi a ƙofar gida ko ya so ko bai so ba. Na uku mai ɗaukar wahalar da ba a tafa masa: kafinta mai kafa dandamali, mai jan wayar lantarki, ko mai shara. Kowannensu ya zama yana da abin da zai iya rasawa da kuma ranar da za a gani. Mai zane bangonsa bai kai rabi ba ga Asabar ta matso. Mai abinci ta ci bashin shinkafa buhu biyu. In ka tambayi mutum "me kake tsoro game da ranar Asabar?" ya rasa amsa, gaishe shi ka nemi wani.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako shida kafin biki ka fara zuwa, zuwa biyun farko ba kyamara, ka zauna ka ci abinci a san fuskarka. In kwana goma kake da su na ɗauka, huɗu kafin biki, uku a ciki, uku bayansa: washegari, bayan mako guda, sai bayan wata guda. Washegarin nan kusan kowa yana barci, shi ya sa ba a cika ganinsa a fim ba. Ƙarfe biyar da rabi na asuba ka kasance a titi. Za ka tarar da ledojin ruwa sun toshe kwata, kafinta ya durƙusa yana zare ƙusa daga katako, yana miƙar da ita da guduma yana jefawa a gwangwanin madara, mai koko kuma ta jingina bencinta da bangon da jiya mutane suka yi layi don ɗaukar hoto a gabansa. Minti ɗaya na wannan ya fi minti goma na rawa faɗin abin da biki yake wa unguwa.

Wajen ɗauka kuma, kowane hoto ka riƙe shi daƙiƙa goma cur, kana ƙirgawa a zuci, kada ka riƙa shara da kyamara hagu da dama. Kowane aiki ka ɗauke shi ta fuska biyar: hannu yana aikin, fuskar mai aikin, wurin baki ɗaya daga nesa, ta bayan kafaɗarsa, sai wata kusurwa da ido bai saba ba. Da waɗannan biyar mai tacewa zai mayar da zanen awa uku daƙiƙa arba'in ba a ga gurbi ba. Saita kyamara a hoto 25 cikin daƙiƙa, shata, wato tsawon lokacin da idon kyamara ke buɗe wa kowane hoto, ɗaya bisa hamsin na daƙiƙa, domin wutar Ghana tana bugawa sau 50 a daƙiƙa. Wayoyi da yawa a kan 30 suke zuwa, shi ya sa da an kunna fitilun dandamali za ka ga hoton yana ƙyafta ido ko wasu layuka suna gangarowa. Rana kuma a Accra wajen shida da kwata take faɗuwa a Agusta, kafin ka canja batir duhu ya rufe, don haka duk abin da kake so da hasken yamma ka gama shi tsakanin huɗu da rabi da shida.

Awa taranka ba su tafi a banza ba. Zauna ka kalle su da biro, ka nemo fuskar da ta fito fiye da sau uku. Nemi mai ita, ka bi shi gida da wurin aiki kwana biyu, ka tambaye shi abin da ya samu da abin da ya rasa. Sai ka yanka fim ɗin ya dawo minti goma sha biyu.

Na yi hira da wani mai zane kusa da dandamali. A wurin ina jin sa sarai, amma da na kunna a gida babu komai sai gurnanin lasifika da hucin iska. Akwai manhajar da za ta gyara mini? (Mai karatu, Maamobi)

Malam, za ta rage, amma kada ka sa rai da yawa. Manhajojin tace murya sukan bar ta kamar daga cikin gwangwani ake magana, kuma in Hausa ce ko Ga sukan tauna ƙarshen kalmomi. In maganar tana da muhimmanci, koma ka sake hirar a gidansa.

Ga abin da ya faru. Kunnenka yana zaɓen muryar da yake so ya bar sauran, makirufo kuwa duk abin da ya fi ƙarfi shi yake kwasa. Maganin farko kusanci ne. Duk sanda ka rage tazarar makirufo da baki zuwa rabi, murya tana ƙaruwa da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), hayaniyar lasifika kuwa tana nan yadda take. Makirufon kan kyamara yana mita biyu da mai magana. Ƙaramin nan da ake maƙalawa a riga yana taki ɗaya ƙasa da haɓa, wato santimita 20. Ya fi kusa sau goma, ribar desibel 20 ke nan, kuma ita ce tsakanin hirar da za a ji da wadda za a zubar.

Na biyu wurin tsayawa. Makirufo mai tsayi yana jin mai magana da duk abin da ke bayan mai maganar. Saboda haka lasifika ta kasance a bayanka kai mai ɗauka, shi ya fuskance ta. In akwai lungu, ku shiga, gini ɗaya tsakaninku da dandamali ya fi tafiyar mita hamsin a fili amfani. Gurnani mai kauri dai yana ratsa bango, sai ka kunna matatar da ke yanke sautin da bugunsa ke ƙasa da 80 a daƙiƙa. Iskar teku kuma a Jamestown ba ta hutawa, soson da ke zuwa da makirufo ba ya tare ta, sai rigar gashin nan mai kama da jelar kyanwa.

Na uku saiti. Kashe abin da ke daidaita ƙarfi da kansa, don da mai magana ya yi shiru zai ɗago hayaniya ta cika kunne, ya buɗe baki ta faɗi, a yi ta hawa da sauka. Saita da hannu, allura ta riƙa tsayawa wajen desibel 12 ƙasa da sifili in ya ɗaga murya. Sautin da ya yi ƙasa ana ɗaga shi, wanda ya bugi sifili ya fashe kuwa ya fashe ke nan. A saitin ingancin sauti, ɗauki a kan 48,000, kada ka haɗa da 44,100 a aiki ɗaya.

Makirufo marar waya masu sauƙin kuɗi yawanci a kan layin 2.4 suke, irin na Wi-Fi, inda wayoyin jama'a ke cunkushe, jikin mutane kuma yana tare saƙon. Wanda ya yi maka mita hamsin a tsakar gida zai riƙa yankewa a mita biyar cikin taro. Sayi mai ajiye sauti a cikinsa, ko ka jona mai waya da ƙaramar na'urar ɗauka ka saka a aljihun mutumin. A farkon kowace ɗauka a tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, da wannan tafin za a haɗa baki da murya daga baya. Kuma abin ji ya zauna a kunnenka daga farko har ƙarshe. Wanda ba ya sauraro caca yake yi.

Abu biyu da ake mantawa. A kowane wuri ka ɗauki minti biyu na sautin wurin kaɗai, ba mai magana, da shi ake ɗinke yanka. In a Zango ne, ka san lokutan kiran salla, kada ka fara hira saura minti biyar masallatai huɗu su ɗauka tare. Kunnenka ma jari ne: ƙarar desibel 85 awa takwas ake yarda mutum ya zauna a cikinta, a 100 kuwa minti 15 ne, gaban lasifikar biki kuma takan kai haka. Sa abin toshe kunne in ba ɗauka kake ba.

Ina sayar da waakye a bakin titi lokacin bikin Salla. An turo mini bidiyo a WhatsApp, ga ni ina ƙirga kuɗi, ga jikata tana barci a tabarma a bayana. Ba wanda ya tambaye ni. Ina da abin yi? (Wata Hajiya, Accra)

Hajiya, barka da war haka, kuma kina da gaskiya da ranki ya ɓaci. Wanda ya ɗauki taro daga nesa ba a sa ran ya bi kowa ya tambaya. Wanda ya tsaya a kanki, ya cika allo da fuskarki da kuɗinki da yarinya ƙarama, wannan ya wuce gona da iri. Nuna inda mace ke ajiye cinikinta ma kiran ɓarawo ne.

Ki sa wani yaro ya adana bidiyon, ya ɗauki hoton shafin da aka ɗora shi da kwanan wata da sunan mai shafin. A rubuta wa mai fim ɗin a nemi ya cire wurin ko ya dusashe fuskokin, a faɗi minti da daƙiƙar da kuka fito. Aikin rabin awa ne a wurinsa, yawanci kuma a nan magana ke mutuwa. In ya ƙi, a kai wa masu shirya bikin, tunda su ke ba masu kyamara katin shiga kuma suna iya hana shi baɗi. YouTube da Facebook suna da hanyar kai ƙarar keta sirri, sun fi saurin amsawa in da yaro a ciki. Sannan akwai Hukumar Kare Bayanan Jama'a, wadda dokar 2012 mai lamba 843 ta kafa. Abin da ya riga ya bazu a WhatsApp dai ba mai iya tattaro shi.

Ku kuma masu kyamara, ga yadda ake yi. Gaisuwa wurin Sarkin Zango ko mai unguwa ko liman wajibi ce, haka fadar mantse, wato sarkin Ga, in a Jamestown ne, amma izinin sarki bai zama izinin Hajiya ba. Duk wanda zai yi magana ko kyamara za ta daɗe a kansa, a nemi yardarsa shi kansa. Takarda shafi ɗaya ta isa. In ba ya karatun boko, ko yana tsoron sa hannu, wanda ba laifi ba ne, a kunna kyamara a yi masa bayani da harshensa: sunan mai fim, abin da fim ɗin ya ƙunsa, inda za a nuna shi har da intanet, da cewa in ya fita ba ya dawowa. Ya faɗi sunansa da ranar, ya ce ya yarda. Yaro kuwa sai uwa ko uba ko mai riƙonsa. Ba a sayen magana da kuɗi, don wanda aka biya abin da kake son ji zai faɗa, amma in ka tsayar da mai sana'a awa biyu ka biya ta cinikin da ta rasa. Kafin fim ya fita, a rataya farin ƙyalle a unguwa bayan lisha a nuna wa waɗanda ke ciki. A nan za a ce maka wancan da ka kira ƙanenta mijinta ne.

Katin ajiya nawa zan tanada don bikin mako guda da kyamara biyu? (Ɗalibi, Madina)

Lissafi ne. Kyamarar da ke ɗaukar 4K a kan megabit 100 cikin daƙiƙa tana cin gigabait 45 a awa. Awa huɗu a rana, kyamara biyu, kwana bakwai, awa 56 ke nan, wato gigabait 2,520, terabait biyu da rabi. In ka sauko 1080 a kan megabit 50 ka raba biyu, kuma ga fim ɗin da yawanci a waya za a kalla ba wanda zai gane.

Kati huɗu masu gigabait 128 ga kowace kyamara, faifan ajiya biyu masu terabait 4. Kowane dare a kwafe kati zuwa faifan biyu, kowanne kai tsaye daga katin, a buɗe fayil na farko da na tsakiya da na ƙarshe a gani suna tafiya, a gwada girman jakar da na katin, sannan a goge katin a cikin kyamara. Faifan biyu kada su kwana a jaka ɗaya. Kwamfutar ta zama mai batir, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafa fayil yakan lalace ba tare da ya nuna ba. Katin da ya cika a manna masa jan tef. Yawancin hoton da ke ɓata a biki gajiya ce ke cinye shi, mutum ya goge katin da ya zaci ya kwafe.

Na ɗora fim ɗina a YouTube, washegari aka ce wata waƙa da ke tashi daga lasifika a bayan mai magana tana da mai ita, kuɗin talla nasa ne. Ni ban sa waƙar ba, a titi take. (Mai karatu, Sabon Zango)

Na'urar da ke sauraron waƙoƙi a YouTube ba ta san titi ba, ɗan'uwa, sauti ta ji ta gane. Kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta, na wanda ya tsara ta da na wanda ya mallaki faifan. A dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005, mai lamba 690, haƙƙin mai tsarawa yana nan tsawon ransa da shekara 70 bayan rasuwarsa. Kuɗin da masu biki ke biyan GHAMRO, ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙan Ghana haƙƙinsu, na kunna waƙa ne a wurin taro, bai ba ka izinin ɗaura ta a fim ba. Kiɗan gargajiya ma da ake ganin ba na kowa ba ne, dokar ta ɗora kula da shi a kan Hukumar Al'adun Gargajiya ta Ƙasa, kuma mai son cin kasuwa da shi sai ya nemi izininta.

Wanda ya hau dandamali shi ma yana da ta cewa. Ranar 6 ga Maris 1971 an yi wasan Soul to Soul a dandalin Black Star na Accra, Wilson Pickett da Santana da Ike da Tina Turner da Roberta Flack duk sun yi wasa, aka fitar da fim a shekarar. Da aka sake fitar da shi a faifan DVD a 2004 babu wasan Roberta Flack a ciki, domin ita ta nemi a cire. Shekara talatin da uku bayan biki ke nan.

Yanzu in muryar mai maganarka tana kan makirufo dabam, rage layin kyamara ka shimfiɗa sautin wurin da ba waƙa. In a haɗe suke, ko ka bar masa kuɗin tallan ko ka yanke wurin. Gaba kuma ka nemi makaɗi ko mawaƙin unguwa ya yi maka kiɗa na fim ɗin, ku rubuta yarjejeniya: waƙa kaza, fim kaza, duk duniya, ba iyakar lokaci, kuɗi kaza. Gidan talabijin ko bikin fina-finai irin FESPACO na Wagadugu, takardun nan za su iya tambayarka kafin su karɓa.

Malamai, ina kallon fina-finan bikin Burning Man na Amurka, ina son in yi irinsu a kan Akwasidae, bikin gargajiya na Asante. Zai yiwu? (Wata ɗaliba, Aboabo, Kumasi)

'Yar'uwa, ki ɗauki dabarar aikinsu, ki bar musu idonsu. Burning Man ya faro a bakin teku a San Francisco a 1986, ya koma hamadar Black Rock ta jihar Nevada a 1990. Mutum wajen dubu 70 ke kafa gari a fili fetal na mako guda, kusan babu saye da sayarwa, daren Asabar a ƙona ƙaton mutum-mutumin katako, daren Lahadi a ƙona ginin da suke kira haikali, sai kowa ya kwashe nasa. Ma'aikata sukan yi makonni suna tsintar ƙusa da zare, domin hukumar filayen gwamnati tana zuwa dubawa. A 2023 ruwa ya sauka, filin ya zama taɓo, aka rufe hanya kwanaki. Afirka ta Kudu ma tana da irinsa, AfrikaBurn, tun 2007.

Abin koyi a fina-finansu masu kyau shi ne sukan fara watanni kafin biki, a rumfar walda inda ake ƙera abin da za a ƙona, ana rigimar kuɗi da lokaci. Kuma mai son ɗaukar fim don nuna wa duniya sai ya yi rajista da masu bikin, ya kuma tambayi mutum kafin ya ɗauke shi. Amma can kowa baƙo ne, tikiti ya saya ya zo. Akwasidae kuwa kowane mako shida ake yin sa ranar Lahadi a fadar Manhyia, masu shi suna nan, kakanninsu ake tunawa, kuma akwai ɓangaren da ake yi a ɗakin kujerun sarakunan da suka shuɗe wanda ba na kyamara ba ne sam. Ki rubuta wa fada tun da wuri. Ki tsaya inda aka tsayar da ke, kada ki gitta gaban Asantehene, sarkin Asante, don neman kusurwa, kada ki nuna mutum da hannun hagu. Gilashin kyamara mai jawo nesa, irin mai lamba 70 zuwa 200, shi zai kai ki inda ƙafa ba ta zuwa.

Shawararmu ma ki duba kusa da gida. Mutanen Zango da ke zuwa gaisuwa fada da rawunansu, mai ɗinkin laimar sarakuna, mai gyaran fatar ganga ana jibi biki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ke kuma kina da harshen da za a buɗe miki ƙofar da baƙo ba zai ma gan ta ba. In lokacin hunturu ne, kada ki canja gilashi a fili, ƙura za ta zauna a idon kyamara ta fito ɗigo-ɗigo a kowane hoto. In damina ce, leda babba da tawul a jaka, da dare kuma kayan su kwana a akwati mai murfi da ƙullin gishirin nan mai shan laima, don naman gwari yana tsirowa cikin gilashi.

Zan iya tashin ƙaramin jirgi mai kyamara a kan taron Salla a Nima? (Mai karatu, Nima)

Sai ka yi masa rajista da Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Ghana, kuma ko da rajistar, Nima tana dab da filin jirgi da fadar shugaban ƙasa, ga shi tashi a kan cunkoson jama'a haɗari ne. Dawaki ma suna firgita da ƙararsa. Roƙi mai bene ya bar ka ka hau, ka kafa kyamara a kan ƙafa uku, hoton zai fi tsayuwa kuma ka samu sauti.

Ina da kwali cike da kaset ɗin bidiyo na hawan Salla da Mauludi tun shekarun 1980, mahaifina ya ɗauka. Yara sun ce shara ne. (Wani dattijo, Asawase, Kumasi)

Baba, a gaya wa yara su yi haƙuri. A 1969 an yi wani bikin kiɗa a unguwar Harlem ta New York, wani mai suna Hal Tulchin ya ɗauki wajen awa 40, kaset ɗin suka yi kusan shekara hamsin a ajiye ba mai so. Daga cikinsu aka haɗa Summer of Soul a 2021, ya ci kyautar Oscar a 2022. Naku akwai sarakuna da malamai da titunan da yanzu babu su, wataƙila kuma babu wani kwafi a duniya.

Kada a saka ko ɗaya a na'ura tukuna. A duba ta tagar kaset ɗin, in an ga fari-fari kamar gari a gefen naɗin, naman gwari ne, a ware shi a leda dabam, don in aka kunna shi zai toshe kan na'urar ya shafa wa na bayansa. Irin wannan sai mai gyara ya buɗe ya share. Sauran a ɓalle ɗan harshen roba da ke bayan kowanne yadda ba za a ɗauki wani abu a kai bisa kuskure ba, a jera su a tsaye kamar littattafai, sama da ƙasa, nesa da taga da lasifika, a ɗakin da ya fi sanyi.

An daina ƙera na'urar VHS tun 2016, don haka a nemi mai aiki tun ana samu, a fara gwada ta da kaset ɗin da ba a damu da shi ba, kada ta tauna mai daraja. Kwafa zuwa kwamfuta ba ta da gajeriyar hanya, kaset ɗin awa uku awa uku zai ci. A ce wa mai kwafar ya yi a kan girman hoto 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa, ya ba da babban fayil, wajen gigabait 13 kowace awa, ya kuma yi ƙarami na turawa a waya. Kada a yarda da faifan DVD kaɗai, yana karcewa kuma ya matse hoton. Kwafi biyu, ɗaya a gidanku ɗaya a wurin wani ɗa, kaset ɗin kuma a ci gaba da ajiye su.

Aikin da ya fi gaggawa naku ne, Baba. Ku tara tsofaffi biyu ko uku ku zauna gaban allo, a ajiye waya tana ɗaukar muryarku, wani yaro da littafi yana rubuta lambar kaset da minti: wane ne a kan farin doki, gidan wa ke bayan masu tambura, wace shekara ce, wa ke jan baiti. Lambar da aka rubuta a jikin kaset ita za a sa wa fayil ɗinsa, ita kuma za a sa a saman shafin littafin.